Idan Kwamfuta Ta Ɓace Daga Rezon Ofis

A shagon buga takardu na bakin titin Madawa, ko ofishin wata ƙungiyar manoma a Buza ko Keita, tsarin kusan ɗaya ne: kwamfuta uku ko huɗu, firinta guda, da akwatin Wi-Fi mai layin Airtel, Moov ko Zamani. An haɗa su ne don takarda ta riƙa tafiya daga wannan tebur zuwa wancan. Ran nan sai sakatare ya duba rezo ya ga kwamfutar akanta ba ta ciki, alhali ga ta can a kunne, mai ita ma yana ta aiki.

Nan take za a ce "birus ne", a kira mai gyara ya goge komai ya sake zuba Windows. Kada ku yi saurin yarda. Galibi kwamfutar lafiyarta ƙalau, hanya ce ta tsinke tsakaninta da 'yan'uwanta, kuma gogewa ba ta ɗinke hanya, sai dai ta tafi da takardun shekaru.

Ku fara da abin da hannu ke taɓawa. A bayan kwamfuta, inda wayar rezo ke shiga, akwai 'yar fitila. In ba ta kama ba, ku zare wayar, ku hure ƙurar hunturu, ku mayar har sai kun ji ƙas. In shiru, ku gwada wata waya ko wani ramin akwatin, don tsawar damina kan ƙone rami ɗaya ta bar sauran. Ɓera ma yana da nasa kason. Wayar da ta haura mita 100 kuwa, ba a dogara da ita.

Sai kuran, wato wutar lantarki, wanda a yankin nan shi ne babban abin zargi. Wanda ya zauna a ofis daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ya san yadda ake wuni tsakanin wutar Nigelec da janareta. Akwatin Wi-Fi ne ke raba wa kowace na'ura lambar adireshinta, wato IP. Da wuta ta ɗauke ta dawo, yana iya sake rabon, firintar da jiya take 192.168.1.12 ta wayi gari tana 192.168.1.15, sauran kwamfutoci kuma suna can suna sallama a tsohon gida. Wani lokaci kwamfuta kan riga akwatin farkawa, ta nemi lamba ba a amsa mata ba, sai ta raɗa wa kanta wadda ta fara da 169.254.

Ganin lambar ba wuya. Ku danna maɓallin Windows da R, ku rubuta cmd, sannan ipconfig. A yawancin ƙananan ofisoshi, kashi ukun farko na lambar dole su zama iri ɗaya a duk kwamfutocin. In kun ga 169.254, ku kashe komai, ku kunna akwatin shi kaɗai, ku ba shi minti biyu, sannan sauran. In ɗaya tana 192.168.8 ɗaya tana 192.168.1, to ba a rezo ɗaya suke ba. Sau da yawa wani ne ya jona kwamfutarsa da wayar salularsa ranar da kuɗin layin ofis ya ƙare, ya manta bai dawo ba. Firinta kuma, ku sa mai gyara ya kafe mata lamba ɗaya a cikin akwatin, ku huta.

In lambobi sun dace, ku rubuta ping da lambar wadda ta ɓace. Ta amsa? To hanya a buɗe take, Windows ce ke ɓoye ta. Duk rezon da aka ce mata na jama'a ne, Public, rufe ƙofa take yi, kuma tana da gaskiya, don ba a son baƙo a otal ya leƙa takardunku. Na ofis sai a mayar da shi Privé, a kunna Découverte de réseau da rabon fayil da firinta. Rufin nan kan hana amsa ping ɗin ma, don haka shiru ba shi ne mutuwa ba.

Akwai kuma rigimar tsohuwa da sabuwa. Kwamfutocinmu da dama 'yan gwanjo ne, wata na Windows 7, wata 10, har XP ba ta ƙare ba. Bayan annobar birus ɗin WannaCry ta Mayun 2017, Microsoft ta daina kunna tsohon tsarin rabon fayil na SMB1 a sababbin Windows 10, a 2018 kuma ta cire tsarin rabo na Groupe résidentiel. XP ba ta jin wani yare sai SMB1. Masu gyara kan sake kunna shi don a ga juna; ni dai ban ba da wannan shawara ba, ta nan ɓarawon ya shigo. Dabara mafi sauƙi ita ce ku danna Windows da R, ku rubuta \\192.168.1.12, wato lambar kwamfutar da kuke nema. In ba XP ba ce, sau tari sai ta buɗe, ko da ba ta fito a jeri ba.

Ku duba suna ma. Mai gyaran da ya zuba Windows daga kwafi ɗaya kan bar kwamfuta biyu da suna ɗaya, rezo kuwa ba ya rarrabe takwara. Ku sake wa ɗaya suna, ku kashe ta ku kunna. Sannan ku rubuta sunan kowace na'ura da lambarta a takarda, ku manna a bango kusa da akwatin, don mai gyara na gaba ya san inda zai fara.