Kwana 133 a Kan Katako: Labarin Poon Lim

Ranar 23 ga Nuwamba, 1942, jirgin ruwan kasuwanci na Birtaniya mai suna Benlomond yana tsakiyar tekun Atlantika. Ya baro Cape Town ya nufi Paramaribo a Kudancin Amurka, shi kaɗai, ba jiragen rakiya. Jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-172, ya harbo masa nakiya biyu, cikin kamar minti biyu teku ta haɗiye shi. Mutum fiye da 50 ne a ciki, amma ɗaya tak ya rayu ya ba da labari: Poon Lim, ɗan tsibirin Hainan na ƙasar Sin, mai shekara 24, wanda aikinsa kai wa ma'aikata abinci.

Ya ce da ƙyar ya samu ya figi rigar ceto ya faɗa ruwa, ga shi bai iya iyo sosai ba. Ya yi kusan awa biyu igiyar ruwa na wasa da shi kafin ya riski wani dandamalin katako na ceto. A kai ya tarar da biskit, cakulan, sukari, tocila da ruwan sha lita 40. Ya ɗaure hannunsa da igiya don kada ya suɓuce cikin barci.

Da guzuri ya soma ƙarewa, sai dabara ta karɓi aiki. Ya tari ruwan sama da ƙyallen rigar ceton. Wayar tocila ta zama ƙugiya, ya warware igiya ya yi zaren kamun kifi. Ya zaro ƙusa daga katako ya lanƙwasa don manyan kifaye, ya yi wuƙa da gwangwanin biskit. Da guguwa ta ɓata masa ruwa da busasshen kifi, tsuntsu ya kama ya sha jininsa. Da farko yana ƙulla igiya don lissafin kwanaki, daga baya ya koma ƙirga cikar wata.

Wani jirgin kaya ya taɓa matsowa kusa, mutanen ciki suka gan shi, suka wuce. Shi a ganinsa don ɗan Asiya ne suka ƙyale shi, ko da yake matuƙan wancan zamani suna tsoron tsayawa, kada abokan gaba su yi musu tarko da mai neman ceto.

Ranar 5 ga Afrilu, 1943, masunta uku 'yan Brazil suka tsince shi kusa da gaɓa. Ya rasa kilo 9, amma da ƙafarsa ya taka. Ya yi jinyar mako huɗu a birnin Belém na Brazil, sannan Sarki George na Shida na Birtaniya ya ba shi lambar yabo. Daga baya ya ƙaura zuwa Amurka, ya rasu a Brooklyn a 1991. Da aka faɗa masa babu wanda ya taɓa kai kwanakinsa a kan irin wannan katako, sai ya yi fatan kada wani ya shiga halin da zai sa ya zarce shi.