Maganin Zafin Ɗaki Mai Araha

A watan Afrilu, ɗakin kwano marar silin yakan koma kamar tanda, har barci ya gagare mu. Dalili shi ne kwano ƙarfe ne, yana kwasar zafin rana ya sauke mana a ka.

Idan za a gyara tsohon gidanmu, kada a rushe bangon ƙasa mai kauri, domin yana jinkirta shigar zafi. A sa silin na falanki. Zana ta fi araha, amma a nisanta ta da wayar lantarki saboda gobara. A bar kafar iska tsakanin silin da kwano, a kuma shafa wa kwanon farin fenti.

Mu kula: kada a farfasa tsohon silin na asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu.