Yadda Likita Ke Gane Taɓin Hankali

A ƙasarmu, da zarar mutum ya fara sambatu sai a ce iska ta buge shi. A da, turu da mari ne rabonsa, ko gidan boka. Turawan mulki ma tsarewa suka fi yi. Sai a 1954 Dakta Lambo ya fara jiyyar irin waɗannan bayin Allah a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, danginsu na tare da su.

To, likita ba ya yanke hukunci da gani ɗaya. Yakan tambaya, yaushe abin ya soma? Ya hana shi barci ko noma? Ya saɓa wa al'adar mutanensa? Sarkin Ruwan Argungu da ke yi wa kogin Matan Fada magana kafin a shiga su, ai lafiyarsa lau. Yaron fadama kuwa da ya ruɗe cikin damina, jiki zafi rau, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa ƙwaƙwalwa. Wannan jininsa za a auna, kuma da gaggawa. Wanda nasa ya daɗe, yana jin muryoyi alhali ba kowa, shi akan ɗauka daga Birnin Kebbi zuwa asibitin Kware, kusa da Sakkwato.