Takardar Roba Da Haruffa Masu Ƙugiya



Yau hirarmu bisa wata takarda ce ta roba, garai-garai kamar gilashi, wadda ake ce ma taransiparan. A da, bisa kanta ake rubutu, a aza ma wata na'ura, ta haska shi a bango wurin taro. Da kwamfuta ta zo, aka ajiye na'urar, takardun kuwa suka yi saura cikin ma'aikatu da lakwal suna shan ƙura. In kun gan su, ku roƙa a ba ku, don akwai aikin da za su yi mana.

Ga aikin. A shekarar 1999 gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, da haruffa huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Amma haruffan roba da ake samu kasuwa na Faransanci ne, waɗannan huɗu ba su ciki. Su ne kuwa ke kayar da ɗalibanmu. Bara wani dattijo a ajina ya rubuta ma ɗansa cewa ya sayi baƙin rago, ya manta ƙugiya, ɗan ya karanta bakin rago! Maganin wannan, kowane ɗalibi ya samu katin haruffa nasa, yana dubawa gida.

To, yaya ake yi? Da farko a goge tsohon rubutu da jiƙaƙƙen tsumma. In ya ƙi fita, a sa alkol kaɗan. Takardar tana da faɗin santimita 21, tsawo kusan 30. A yanka ta gida 6, kowane yanki harafi ɗaya. A aza yankin bisa babban harafi na littafi, tunda ana gani ta ciki, a bi shi da alƙalami mai kaurin baki. Sannan a aza bisa katako, a yanke harafin da reza.

A nan a yi hattara. Haruffa masu ciki, kamar a, o, b, ɓ, ɗ, in aka yanke su zagaye, cikin zai faɗi, ya bar rami kawai. Sai a bar ƴar siririyar gada guda biyu ta riƙe shi.

Daga nan a yanka kwalin sukari ko na shayi, a aza robar bisa, a tsoma guntun soson katifa cikin tawadar malamai mai ƙaro, a matse, a dinga dangwalawa. Kar a shafa, tawada za ta shige ƙarƙashi. Ruwa ba ya jiƙa roba kamar takarda, don haka yanki ɗaya ya isa ma aji duka.

Mai son hatimi kuma, ya tuna harafin hatimi a juye ake sassaƙa shi. Ya rubuta ƙ bisa robar, ya kifa ta, zai gan shi a juye, ya kwaikwaya bisa tsohon takalmin soso, ya sassaƙe gefe-gefe. Da irin wannan ɗalibai za su buga katin Barka da Salla, su sa sunansu da hannunsu, su aika ma ƴan'uwa da suka tafi cin rani.

Gargaɗi uku: a ɓoye reza daga yara, kar a bar robar kusa da wuta, lanƙwashewa take, guntaye kuma a tattara, kar awaki su haɗiye.

Ranar 8 ga Satumba ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Mu yi ƙoƙari kafin ta zo kowane ɗalibi ya riƙe haruffansa huɗu a aljihu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.