Gwaiwa: Fiɗa Da Wuri Ta Fi Rahusa

A ƙasar Gabi, cikin Madarunfa, akwai manoma da makiyaya masu fama da gwaiwa. Da yawa suna ɓoye ta don kunya, ko don tsoron kuɗin asibiti. To, amma jinkiri ya fi fiɗa tsada.

Gwaiwar da ta fi hatsari ita ce ta hanji. Hanji ne ke sauka ta wata kafa cikin naman mara. Sassaƙe ba ya rufe kafar, allura ma haka. Sai lokotoro ya ɗinke ta.

In an je da wuri, aikin ƙarami ne. Kwana kaɗan mutum ya koma gida. In aka bari hanji ya shaƙe, sai neman mota cikin dare zuwa Madarunfa ko Maraɗi. Wani lokaci sai an yanke hanjin da ya mutu. Kwanan asibiti ya yi yawa, masu jinya su bar gona. Inda da ƙaramar bisa ta isa, sai a kai babba kasuwa. Wani ma ransa ke tafiya.

A shekarar 2015 manyan lokotorori na duniya sun yi lissafi. Kowace shekara kuɗin fiɗa yana durƙusar da mutum miliyan 33. Kuɗin mota da abinci da masauki yana durƙusar da wasu miliyan 48. A shekarar nan Bankin Duniya ya fitar da littafi wanda ya sa gyaran gwaiwa cikin ayyuka masu amfani da yawa a kan kuɗi kaɗan.

Gwamnatin Nijar ta mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005. A 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Gwaiwar babba ba ta ciki, saboda haka sai magidanci ya yi tanadi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka. Hatsi yana rumbu, babu aikin gona. Mutum ya samu makonnin hutu kafin ya ɗauki kaya mai nauyi, damana ta iske shi da ƙarfinsa.

In kumburi ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, wannan ba ya jiran safiya. Sai likita nan take.