Haɗuwar Sifa da Aikatau Maras Lokaci a Turancin Yau da Kullum

Unguwar Sabo da ke Ibadan, wadda aka ware wa Hausawa a shekarar 1916, ta ginu ne a kan fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969, kuma ɗan unguwar yakan tashi da harshe fiye da ɗaya a bakinsa. Hausa ce ta gida da masallaci, Yarabanci na maƙwabta da kasuwa, buroka ta tasha da bakin titi, Turancin boko kuwa na makaranta ne da banki da jarrabawar WAEC da JAMB. Tun da canjin kuɗi ya shiga sahun sana'o'in da aka fi sanin Sabo da su, buƙatar wannan Turanci ta ƙaru, domin ɗan canji yana hulɗa da matafiya da malaman jami'a, sau da yawa ta saƙon waya, inda babu fuska ko hannu da za su gyara abin da jimla ta ɓata.

Daga cikin tsare-tsaren jimla da ba a rasawa a irin waɗannan saƙonni akwai haɗa sifa da aikatau maras lokaci. Sifa ita ce kalmar da ke bayyana halin abu ko yanayinsa, kamar "easy" da "ready". Aikatau maras lokaci, wanda masana nahawun Turanci ke kira "infinitive", shi ne aikatau a ainihin siffarsa, bai nuna jiya ko gobe ba, kuma a wannan tsari kalmar "to" ce ke gabatarsa, sai a sami "ready to pay" ko "hard to find". Hausa ba ta da cikakken takwaran wannan aikatau, sifofinta na asali ma, irin su babba da ƙarami da sabo, ba su da yawa, don haka takan bi hanyoyi daban-daban, ta ce "a shirye yake ya biya" a wani wuri, ta ce "yana da wuyar samu" a wani. Wannan bambanci gata ne ga Bahaushe, domin harshensa ya rarrabe abin da Turanci ya dunƙule a siffa ɗaya.

Lamarin yana fitowa fili idan aka jera jimloli biyu, wato "The trader is eager to pay" da "The trader is easy to cheat". A ido ginin ɗaya ne, amma a ta farko ɗan kasuwar shi ne aikau, wato mai yin aikin, yana ɗokin ya biya, a ta biyun kuwa shi ne karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, wani ne zai cuce shi. Noam Chomsky ya yi amfani da irin wannan tagwayen jimla a shekarun 1960 domin nuna cewa jerin kalmomi ba ya bayyana dukkan dangantakar da ke ƙarƙashinsu. Akwai gwaji mai sauƙi: sifofi irin su "easy", "hard", "difficult" da "impossible" suna yarda a juya jimlar ta fara da "it", a ce "It is easy to cheat the trader", ma'ana ba ta sauya ba, amma "eager" da "willing" ba sa karɓar wannan juyi. Wanda ya rubuta "I am difficult to understand English" yana nufin Turanci na ba shi wuya ya rikita waɗannan layuka biyu na aikau da karɓau, abin da ya dace shi ne "It is difficult for me to understand English".

A nan ne kuma Hausa kan kutsa kai ba da sanin mai rubutu ba. Bahaushe yana cewa "dala da wuya a same ta", sai wakilin sunan nan "ta" ya bi shi cikin Turanci, ya rubuta "The dollar is hard to get it", alhali Turanci yana barin gurbin karɓau fayau tunda an riga an ambaci dalar a farkon jimla. Sifar "ready" kuwa tana taka layukan biyu, shi ya sa "The ram is ready to eat" a ranar Babbar Salla za ta iya nufin ragon yana jiran dusa, ko kuma an gama soya shi, sai mahallin magana ya raba gardama.

Sifofin da ke bayyana abin da ke zuciya ba su da wahala sosai, domin aikatau da ke biye da su yana faɗin dalilin farin cikin ne ko damuwar, kamar a "glad to meet you" da "sorry to hear that". Wadda ke buƙatar lura ita ce "sure", domin a "The price is sure to rise" tabbacin na mai magana ne, farashi ba shi da zuciyar da zai tabbata da ita.

Babban tarko shi ne "too". A bakin 'yan Nijeriya da yawa ta koma ƙarfafawa kawai, daidai da "ƙwarai", amma a daidaitaccen Turanci tana nufin abu ya wuce kima, kuma idan aikatau maras lokaci ya biyo ta, jimlar tana ɗauke da korewa ko da babu "not" a cikinta. Dillalin da ya rubuta wa abokin cinikinsa "The kola is too dry to sell" ya shaida masa cewa goron ya bushe har ba zai sayu ba. Kishiyarta "enough" tana nuna abu ya isa, kuma bayan sifa take zama, a ce "fresh enough to sell", ba gabanta ba. Idan ana son ambaton mai aikin sai a shigo da "for", kamar "too heavy for the boy to carry", amma in sifar tana yabon halin mutum ne ko kushe shi, "of" ake sakawa, kamar a "It is kind of you to come".

Akwai kuma sifofin da ba sa karɓar "to" da aikatau ko kaɗan, kuma babu wata hujjar hankali a bayan haka, al'adar harshe ce kawai. Ana cewa "able to pay" amma "capable of paying", ko da yake ma'anarsu kusan ɗaya ce, haka nan "fond of travelling" da "busy counting". Masana irin su Ayo Bamgboṣe da Ayo Banjo, dukkansu na Jami'ar Ibadan da aka kafa a 1948, sun daɗe da nuna cewa Turancin Nijeriya yana da kamanninsa da suka cancanci nazari, sai dai mai duba takardar jarrabawa har yanzu da ma'aunin daidaitaccen Turanci yake aiki, kuma zai ja jan biro a ƙarƙashin "capable to pay". Mafi ruɗarwa a wannan rukuni ita ce "used to", domin a "He used to trade in cattle" aikatau ce da ke nuna a da yana cinikin shanu amma ya bari, a "He is used to trading at night" kuwa sifa ce mai nufin ya saba, kuma "to" ɗin da ke bin ta ba ta aikatau maras lokaci ba ce, shi ya sa kalmar da ke biye take ƙarewa da "-ing".