Takardar da ta hana a gurfanar da Janar Lee

A ranar 9 ga Afrilu 1865, bayan shekara huɗu ana gwabza yaƙin basasar Amurka, Janar Robert Lee na sojojin kudu ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant na sojojin arewa a ƙauyen Appomattox da ke jihar Bajiniya. Sojoji kusan 28,000 suka rage masa, yunwa ta gama galabaitar da su.

Grant bai ɗaure ko mutum guda ba. Ya ce kowa ya ajiye bindiga, ya yi alkawarin ba zai sake ɗaukarta ba, ya kama hanyar gida. Muddin ya cika alkawari ya bi doka, hukuma ba za ta taɓa shi ba. Mai doki ma ya tafi da abinsa, don lokacin shuka ya yi.

To, amma wa zai yarda da fatar baki? Mutum sanye da kakin 'yan tawaye, zai taka sayyada har Alabama, ga yaƙi bai mutu ba a wasu sassan. Ai ko a ce ɗan leƙen asiri ne, ko a ce gudu ya yi daga fagen fama. Sai aka girka ƙananan injinan buga takardu a wani masaukin baƙi, Clover Hill, aka yi ta bugu dare da rana har takarda kusan 30,000. 'Yar ficiciya ce. A rubuta sunan soja da rundunarsa da hannu, hafsansa ya sa hannu, shi ke nan. Da ita yake wuce shinge, ya hau jirgin gwamnati kyauta, ya karɓi abinci a sansanin abokan gabarsa na jiya.

Ba a yi mako guda da miƙa wuyan ba aka harbe Shugaba Lincoln, zukata suka harzuƙa. A watan Yuni aka tuhumi Lee da cin amanar ƙasa a birnin Norfolk. Nan ne Grant ya nuna shi namiji ne: ya tunkari sabon shugaba, Andrew Johnson, ya ce alkawarin Appomattox ya kare Lee, in aka kama shi, shi Grant zai ajiye muƙaminsa. Johnson bai isa ya ja da gwarzon da ƙasa ke alfahari da shi ba, dole ya sassauto.

Lee ya rasu a 1870 yana shugabancin wata kwaleji a Lexington, ba a taɓa yi masa shari'a ba.